Faifan Cikin Ambulan

Ranar Litinin da safe, ungozomar da kowa ke kira Sista Babba tana ɗaura farar rigarta ta aiki sai matar tela ta shigo ofis ba sallama. Ba ta zauna ba. Ta ajiye wayarta a kan tebur, ta tura ta gaban Sista da yatsa ɗaya.

"Duba abin da maƙwabciyata ta nuna min jiya."

Hoton fuskar kwamfuta ne, an ɗauke shi da waya. Ga sunan matar tela a sama, ga ranakun da ta zo asibitin a ɓoye cikin shekara uku, ga gwaje-gwajen neman haihuwa da aka yi mata. Ƙasan shafin ne kawai bai fito ba, an yanke shi.

"Kin ce min daga ke sai Allah," in ji matar tela. Muryarta ba ta tashi ba. "Yau ko mai sayar da ruwa a layinmu ya san ranar da aka ɗebi jinina."

Sista ta sake duban hoton. Wannan shafi wuri ɗaya yake a duniya, cikin kwamfutarta. Kuma mutum ɗaya ne ya taɓa kwamfutar ban da ita. Makon da ya wuce ta kai ta layin masu gyara, wurin wata matashiya da ake kira Injiniya, aka sauya mata manhaja. Ta kulle ofis, ta jefa makulli a jaka, ta nufi layin.

Abin da ta faɗa a can, duk layin ya ji. Masu gyaran waya suka ajiye aiki suka fito. Ciyaman ɗin ƙungiyar masu gyara ya saurara har ƙarshe, sannan ya aika aka kawo kwaɗo ya datse shagon Injiniya da hannunsa.

"Mu a layin nan amana muke sayarwa," ya ce. "Wanda ya ba ka wayarsa ya ba ka cikin gidansa ne. Gobe ƙarfe huɗu ƙungiya za ta zauna. In ba a wanke ki ba, ki kwashe kayanki. Kuma kin sani, wanda muka kora a kan amana babu layin da zai karɓe shi."

Da la'asar Sufeton 'yan sandan da aka ba binciken ya iso. Dattijo ne mai furfura a gefen kai, da ɗan littafi a aljihun gaba. Ya fara da bin sawun hoton daga waya zuwa waya. Ya kai waya ta shida, kowa na cewa turo masa aka yi, daga nan sawun ya ɓace. Sai ya zo ya sami Injiniya zaune a kan benci a ƙofar shagonta, tana juya ƙaramin sukundireba tsakanin yatsunta.

"'Yata," ya ce, ya zauna a ɗaya gefen bencin, "ni ko wayata ƙaramar 'yata ke saita min. Ki ɗauke ni ɗan aji ɗaya. Me kika yi wa kwamfutar Sista?"

Injiniya ta dube shi, ta ga da gaske yake.

"Yallaɓai, kowace kwamfuta tana da babbar manhaja da ke tuƙa ta, kamar direba da mota. Ta Sista ta tsufa, masu ita sun daina aiko mata gyara, sun ce a sayi sabuwar kwamfuta. Alhali ƙarfen lafiya lau yake. Sai na sa mata buɗaɗɗiyar manhaja, wadda mutane daga ƙasashe da yawa suka haɗu suka rubuta. Kyauta ce, kuma kowa zai iya duba cikinta ya ga ba ta kai gulmar mai ita ko'ina."

"To, sai takardunta?"

"Na kwashe su a gabanta, na zuba a sabon faifan ajiya. Sabuwar manhajar tana kulle faifan gaba ɗaya da kalmar sirri. Ita ta rubuta kalmar, ni na juya baya. Haka nake yi wa kowa."

"Sista ta ce mai gyara ba ya rasa ƙofar baya."

"Ta faɗa, duk layi ya ji. Ka nuna min hoton, Yallaɓai. Tun safe ake zagina a kansa, ban ko gan shi ba."

Sufeto ya rufe sunan da babban yatsansa, ya nuna mata sauran. Ta matso, ta duba, sannan ta ɗago.

"Wannan ba manhajata ba ce."

"Yaya kika gane?"

"Dubi agogo. A manhajar da na sa mata, agogo yana sama ne, a tsakiya. Wannan yana ƙasa, a kusurwar dama. Tsohuwar manhajar ce. Kuma karanta kwanan watan."

Sufeto ya gyara tabarau. "Asabar, ƙarfe huɗu da minti goma."

"Ranar Litinin ta karɓi kwamfutarta. Ranar Asabar ta kwana biyar ba ta da tsohuwar manhaja a cikinta. Sannan dubi bakin fuskar kwamfutar a gefen hoton, baƙi ne. Ta Sista ruwan toka ce."

"Wato a wata kwamfutar aka ɗauka. To tsohuwar manhajar ina take zaune yanzu?"

"A tsohon faifan. Ba na goge shi nan take. Cire shi nake yi in mayar wa mai shi, ya ajiye wata ɗaya, in ya tabbata komai ya koma sabon, ya kawo in huda shi da inji a gabansa. Kowane faifai yana da lamba a jikinsa. Mai shi ke karanta lambar, ya rubuta a bayan ambulan da hannunsa, ya liƙe, ya sa hannu a kan bakin. Kuma tsohon faifan Sista ba shi da kulle na kirki. Duk wanda ya sa shi a kwamfutar da ta dace, komai zai buɗe."

Sufeto ya rubuta a hankali. Bai ɗago ba ya ce, "Kina iya kwafe shi kafin ki mayar mata."

"Ina iyawa. Ba ni da shaidar cewa ban kwafa ba. Abin da zan ce kawai, ka je ka ga ambulan ɗin."

Amsar ta yi wa Sufeto daidai. Ya daɗe yana aikin nan, ya san mai ƙarya yakan yi saurin rantsuwa cewa abu ba zai yiwu ba.

"Gobe da safe za ki raka ni," ya ce.

Asibitin ƙarami ne: ɗakin jira mai benci uku, teburin kati a bakin ƙofa, ɗakin magani mai taga, ɗakin haihuwa a ƙurya, sai ofishin Sista. Da ta ga Injiniya bayan Sufeto, Sista ta kau da kai. Sufeto ya tambaye ta ina ambulan.

"Wace ambulan kuma? Au, wancan ƙarfen? Yana cikin durowa tun ranar. Kullum ina ganinsa in na ɗauki hatimi."

"Durowar tana da makulli?"

"Ya lalace tun bara. Amma wa zai saci mataccen ƙarfe?"

Ta buɗe ofis, ta ciro ambulan. Sa hannunta na nan a kan baki, babu abin da ya taɓa shi. Sufeto ya juya ambulan ɗin, ya shafa gindinta da yatsa. Takardar ta ɗan yi tudu, ta yi tauri.

"Gam ne," ya ce. "An farke ta ƙasa, an sake liƙewa. Sista, ki buɗe da kanki, ki karanta min lambar faifan, ni kuma zan bi wadda kika rubuta."

Sista ta karanta. Tun a lamba ta biyu suka rabu. Ta sake karantawa, ta zauna a kujera ba tare da ta duba baya ba.

"Wannan ba nawa ba ne."

"Injiniya ta taɓa shigowa asibitin nan?"

"A'a. Yau ne farko."

"To an buɗe ambulan bayan kin sa hannu, kuma a ginin nan aka buɗe ta." Ya juya wurin Injiniya, ya miƙa mata faifan. "Ga hanya ta samu. Ki haɗa shi da kwamfutarki, mu ga sunan mai shi, mu gama kafin azahar."

Injiniya ta sa hannuwanta a baya.

"Ba zan buɗe ba, Yallaɓai."

"'Yata, ƙarfe huɗu za a kore ki."

"Na sani. Amma faifan wani ne, mai shi bai ba ni izini ba, alƙali ma bai bayar ba. Ba mu san ko mai shi ne ɓarawon ba, ko shi ma sace masa aka yi. In na buɗe, to abin da aka ce na yi jiya, yau na yi shi da gaske."

"Takardar kotu sai ta kwana uku."

"To ta kwana uku."

Sista ta dube ta a karo na farko tun da suka shigo. Sufeto ya mayar da faifan cikin ambulan. Bai nuna ɓacin rai ba.

"Shi ke nan. Cikinsa ya haramta. Bayansa fa, me yake gaya miki?"

"Wannan kam zan faɗa. Tsohon samfuri ne, mai faɗin tafin hannu, iri ɗaya da na Sista. Sababbin kwamfutoci sirara ba sa ɗaukarsa. Sai tsofaffi masu kauri, waɗanda ke da ɗan murfi a ƙasa mai noti huɗu."

Sufeto ya tambayi Sista mutum nawa ke aiki a asibitin. Uku ne ban da ita: Iya mai shara, da saurayin da ke kan teburin kati wanda ake wa laƙabi da Farfesa, da Mai Magani. Ya tambaye ta yaushe ta fi daɗewa ba ta ofis a makon. Ta ce ranar Juma'a, wata haihuwa ta zo da gardama, ta shiga ɗakin haihuwa ƙarfe goma sha ɗaya ba ta fito ba sai uku.

Ya fara da Farfesa, wanda tun ɗazu yake leƙe.

"Ranka ya daɗe, ni da za a tambaye ni tun farko, da an huta. Harkar kwamfuta a ginin nan ni ne. Wannan aikin 'yan kutse ne daga ƙasar waje."

"Madalla. Kana da kwamfuta?"

"Sabuwa dal." Ya ɗauko ta da alfahari. Siririya ce kamar littafin rubutu, fara tas.

Sufeto ya dubi Injiniya. Ta juya kwamfutar, ta girgiza kai. "Ko da guduma faifan nan ba zai shiga ba."

"Ranar Juma'a daga sha ɗaya zuwa uku kana ina?"

"A teburina. Dangin mai haihuwar sun cika ɗakin jira, kowane minti biyar sai sun tambaye ni ko an sauka, sai ka ce ni ne ke naƙudar."

"Wa ya shiga ofis?"

"Kowa na shiga ɗaukar hatimi. Ni ban shiga ba. Mai Magani ta shiga, ina jin sau biyu."

"Farfesa, faifan ajiya a ina yake a jikin kwamfuta?"

Farfesa ya yi tari, ya nuna wurin batir. Sufeto ya gode masa, ya ja layi a littafinsa.

Iya mai shara tana bayan gida tana wanke bokiti. Ta goge hannu a zane, ta zauna a kan kujerar roba.

"Ɗan nan, ni wannan akwatin nasu ko kunna shi ban iya ba. Abin da na sani, ƙura yake tarawa."

"Ranar Juma'a kin ga wani abu da ba ki saba gani ba, Iya?"

"Na ga jariri mai kilo huɗu da rabi." Ta yi dariya. "Sai kuma ɗan abin nan. Tsaya." Ta ciro wani gwangwani daga ƙarƙashin matakala. A ciki akwai maɓallai, da ɗan kunne guda, da fil, da makullin da ba a san na wa ba. "Duk abin da tsintsiyata ta kamo nan nake sawa, ko mai shi zai tambaya." Ta tona da yatsa, ta ɗauko wani baƙin noti ƙarami kamar ƙwayar shinkafa.

"A ina?"

"Ɗakin magani, ƙarƙashin kanta, da yamma. Na tambayi yarinyar, ta ce ba nata ba ne."

Injiniya ta karɓa ta ɗora a tafin hannu. "Notin murfin kwamfuta ne," ta ce a hankali.

"Mai Magani tana da kwamfuta, Iya?"

"Baƙa, ƙatuwa. Da kullum tana kan kanta tana fitar da 'yan takardun nan na kwalba. Kwana biyun nan kuwa a jaka take kwana. Jiya ta zo da ita, yau ma ta zo da ita, kafaɗarta har ta karkace. Tana can bayan kwalin audugar."

Kafin ya shiga ɗakin magani, Sufeto ya tsaya wurin Sista ya tambaye ta ko akwai wata alaƙa tsakanin Mai Magani da matar tela.

"Ƙanwar mijinta ce. Amma cire ta daga lissafinka, Sufeto. Ita ce ma ta kawo ta wurina shekara uku da suka wuce. Kuma ita ta raka ni shagon Injiniya, ta riƙe min jaka."

"Ta ga lokacin da aka cire faifan?"

Injiniya ce ta amsa. "Ta gani. A gaban mutane nake aiki, ina yi ina bayani. Ta tambaye ni ko da wuya, na ce noti huɗu ne kawai."

Mai Magani mace ce mai kimanin shekara talatin, mai tsabta, komai na ɗakinta a jere. Ta gaishe da Sufeto da ladabi. Shi kuwa kwalabe yake kallo. Waɗanda ke jere a jikin bango duk takardunsu bugun inji ne. Waɗanda ke cikin tire, na masu zuwa karɓa, rubutun hannu ne.

"Rubutunki yana da kyau," ya ce. "Injin ne ya lalace?"

"Kwamfutar ce, Yallaɓai. Ta ƙi tashi."

"Tun yaushe?"

"Tun... tun Juma'a."

"Ayya. Ga mai gyara har ɗaki. Kawo ta duba miki."

"Tana gida."

Sufeto bai dubi kwalin audugar ba. Ya ja kujera ya zauna, ya ciro faifan daga ambulan ya ajiye a kan kanta, tsakaninsa da ita.

"Bari in gaya miki inda muka tsaya, don kada ki ce an rufe ki. Wannan faifan ba mu san na wa ba ne. Na ce wa yarinyar nan ta buɗe, ta ƙi, ko da yake shagonta ne zai tafi. Saboda haka zan nemi takardar kotu. In ta fito, za a kai shi ofishinmu. Akwai samari uku a ɗakin kwamfuta, za su bi shi fayil bayan fayil. Hotuna, wasiƙu, saƙonni, duk abin da mai shi ya ajiye yana ganin babu mai gani. Za a buga abin da ya dace a takarda, a karanta a gaban alƙali. Ba na son haka. Amma in mai shi bai fito ba, babu wata hanya."

Mai Magani ta kafa wa faifan ido. Hannunta ya kama bakin kanta.

"Fayil bayan fayil?" ta ce.

"Haka aikin yake."

Ya miƙa hannu zai ɗauka. Ta riga shi, ta dafe faifan da tafinta.

"Kada a buɗe. Don Allah kada a buɗe. Akwai abubuwan da ko mahaifiyata ba ta sani ba." Ta jawo faifan kusa da ita. "Nawa ne."

Ita da kanta ta sunkuya ta jawo jakar daga bayan kwalin, ta fito da baƙar kwamfuta. Injiniya ta kife ta. Murfin ƙasa yana da noti uku da rami ɗaya. Ta sa notin Iya, ya zauna daram. Da izinin Sista aka kunna. Fuskar ta haska da hoton jikan Sista yana dariya, agogo kuma a ƙasa, a kusurwar dama.

"Ke?" in ji Sista daga bakin ƙofa. "Ke da na ba ki makullin ɗakin magani tun kina ɗaliba?"

"Anti, wallahi Inna kaɗai na tura wa. Ita ce ta tura wa ƙawarta." Hawaye suka zubo mata. "Shekara uku ana nuna yayana da baki a gidan biki, ana cewa shi ne ba ya haihuwa. Inna ba ta barci. Na ce bari in nuna mata cewa matar ce ke zuwa asibiti, hankalinta ya kwanta. Da na buɗe shafin na ga abin da ke ƙasa, sai na..."

"Kul!" Sista ta daka mata tsawa. "Kada ki ƙara furta kalma ɗaya daga takardar nan. Na sama ma bai isa ba, sai kin tona na ƙasa?"

Mai Magani ta rufe baki da mayafi. Sufeto ya rufe littafinsa, ya gaya mata a natse cewa za ta bi shi ofis ta ba da bayani, kuma faifanta zai zauna a liƙe tunda ta amsa da bakinta.

Ƙarfe huɗu ƙungiya ta zauna a ƙarƙashin rumfar layin. Sufeto ya nemi izini ya yi magana. Bai ambaci sunan matar tela ba, bai faɗi abin da ke cikin hoton ba.

"Kowa ya zuba ido a kan kwamfutar Sista," ya ce, "alhali ita ce kaɗai abin da ke kulle. Kulle ɗin da yarinyar nan ta sa bai taɓa buɗuwa ba. Agogon da ke hoton ya nuna tsohuwar manhaja ce, baƙin gefen kuma ya nuna wata kwamfutar ce. Wato tsohon faifan aka ɗauka. An farke ambulan bayan Sista ta sa hannu, saboda haka a asibiti aka yi. Sista tana buɗe durowar kullum, in ambulan ta zama fanko za ta ji a hannu. Mai ɗaukar tana da awa huɗu kacal, tana bukatar abu mai girma ɗaya da nauyi ɗaya. Abin da ke kusa da ita shi ne faifan da ta cire daga kwamfutarta don ta sa na Sista. Sai ta jefa nata a ambulan, da niyyar musanyawa ranar Litinin. Hoton ya riga ta yaɗuwa, aka kulle ofis. Ta wayi gari da sirrin mutane a jakarta, nata sirrin kuma a durowar wani. Daga nan sai na nemi wanda kwamfutarsa ta daina aiki ranar Juma'a."

"To ita Injiniya?" wani ya tambaya daga baya.

"Na ba ta hanyar da za ta wanke kanta cikin minti biyar, ta hanyar leƙa faifan da ba nata ba. Ta ƙi. Ni dai in wayata ta lalace, na san inda zan kai ta."

Ciyaman ya tashi, ya laluba aljihu, ya buɗe kwaɗon. "Mun yi gaggawa," ya ce. Mai gyaran waya na shagon kusa ya ce shi dama tun jiya bai yarda ba, aka yi masa ihu, domin shi ne ya kawo kwaɗon.

Sista ta jira har aka lafa, sannan ta tsaya a tsakiyar layin, ta ɗaga murya yadda na ƙarshen layi zai ji. "Jiya na kira yarinyar nan ɓarauniya. Ƙarya na yi mata. Laifin a gidana yake." Ta juyo. "'Yata, ki yafe min. Faɗi abin da zan yi."

Injiniya ta tura ƙofar shagonta, ta kunna fitila, ta goge benci da tsumma.

"Na yafe, Anti. Amma mata nawa ne a faifan nan?"

"Ɗari huɗu da 'yan kai."

"Kwana huɗu yana hannun wata. Ta ce shafi ɗaya ta buɗe, wataƙila gaskiya ne. Amma ba ni da ke za mu yanke musu ba. Suna da haƙƙin su sani, kuma daga bakinki, kafin su ji a layi."

Sista ta ce, "Wasu ba za su ƙara zuwa wurina ba."

"Wasu ba za su zo ba," in ji Injiniya.

Sista ta dubi Sufeto, ya sunkuyar da kai yana gyara aljihunsa. Ta shiga shagon, ta zauna a kan bencin, ta buɗe kwamfutarta ruwan toka. Injiniya ta fita ta ja mata ƙofa. Daga waje ba a jin kalmomin, sai dai muryar Sista, ƙasa-ƙasa, tana gaida mace ta farko a waya.